Wa Ya Ci, Wa Aka Ci? Sharhi Kan Fassarar Kalmomin Nasara da Asara na Ingilishi Bisa Misalin Sulhun Birnin Gwari

1. Abin da ya jawo maganar

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2024 Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani, ya tafi Birnin Gwari, ya karɓi rukunin farko na 'yan bindigar da aka ce sun tuba sun ajiye makamai, sa'an nan ya sake buɗe karar garin, watau kasuwar shanu, wadda ta yi kimanin shekara goma ba ta ci ba. Duk wanda ya san ƙasar ya san girman wannan al'amari. Birnin Gwari tana kan tsohuwar hanyar mota da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Tegina da Mokwa da Jebba zuwa Ikko, kuma tana jingine da dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 a ƙarƙashin En'e, aka mai da shi gandun daji na Tarayya a 1999. Wannan daji ya haɗe da na Kuyambana a ƙasar Zamfara, kuma a cikinsu ne ɓarayin shanu da masu satar mutane suka yi sansani shekara da shekaru, har matafiya suka riƙa gudun hanyar, gonaki masu yawa suka koma saura.

Ba aikin wannan maƙala ba ne ta yanke hukunci a kan sulhun, ko ya dace ko bai dace ba. Aikinta ya tsaya ga harshe. Sanarwar hukuma da sharhin jaridu a kan irin wannan al'amari da Ingilishi akan fara rubuta su, daga baya a juya su da Hausa, alhali kuwa mutanen da abin ya shafa da Hausa suke ji. Ingilishin zamani yana da wasu 'yan gajerun kalmomi da masu sharhi suke yawan jawowa in ana zancen sulhu da ciniki, kamar su "win-win" da "lose-lose" da "zero-sum" da "Pyrrhic victory". Abin da za a nuna a nan shi ne, fassarorin da aka saba yi musu suna da laushi a kunne, amma suna ɓoye wata tambaya da Hausa ba ta saba barinta ba, watau wa aka ci. Manomin Randagi ko direban hanyar Buruku da ya ji an ce kowa ya ci riba yana da haƙƙin a gaya masa ko yana cikin wannan kowa.

2. Asalin kalmomin a Ingilishi

Aikatau "win" ya fito daga wata tsohuwar kalma ta Ingilishi mai ma'anar fama ko wahala ko yaƙi. A yau kuwa ana iya faɗinsa shi kaɗai ba tare da an ambaci abokin karawa ba, kuma yana ɗaukar cin yaƙi da cin gasa da samun kyauta duka a wuri ɗaya. Wannan sakewa ita ta ba da damar a ninka shi.

Kalmomin da ake magana a kansu ba daga karin maganar Turawa na gargajiya suka fito ba, in ban da ta ƙarshen. Daga ilmin lissafi suka fito. A 1944 John von Neumann da Oskar Morgenstern suka buga littafinsu a kan nazarin wasanni da tattalin arziki a Amurka, inda suka bambanta wasan da jimlar ci da asara a cikinsa take komawa sifiri, da wasan da ba haka yake ba. Na farkon shi ne "zero-sum": duk abin da ɗaya ya samu, daga aljihun ɗayan ya fito, kamar caca. Daga nan masu koyar da dabarun sasantawa suka ɗauki tunanin. Roger Fisher da William Ury na Jami'ar Harvard sun yaɗa shi a littafinsu na 1981, Stephen Covey kuma ya sa "win-win" ta shiga bakin ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa ta littafinsa na 1989.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne ƙirar kalmar. "Win-win" ba nanatawa ba ce. Gurbi biyu ne aka jera, na farko na wannan ɓangare, na biyu na wancan, kamar yadda akawu yake ja wa littafin lissafi layi biyu. Shi ya sa ake iya sauya abin da ke cikin kowane gurbi a ce "win-lose" ko "lose-lose". To, ƙirar da ke da gurbi biyu mutum biyu kaɗai take ƙidayawa. Wanda bai zauna a teburin ba, ba shi da layi a littafin.

3. Ci da sha

Hausa ta gina zancen nasara da asara a kan aikatau biyu na abinci. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tara ma'anonin "ci" masu ɗimbin yawa. Claude Gouffé ya yi nazarin "ci" da "sha" a 1966, sa'an nan Philip Jaggar da Malami Buba suka nuna a 2009 cewa "ci" ya fi karkata ga rinjaye, "sha" kuma ga ɗaukar abin da ya auka wa mutum. Ga misalai:

(1) Sarki ya ci gari. Sun ci yaƙi. Ya ci zaɓe. An ci su biyu da nema.

(2) Ya ci amana. Ya ci zalinsa. Ya ci mutuncinta. An ci shi tara.

(3) Ya sha kaye. Sun sha kashi. Ta sha wahala. Ya sha duka.

A jere na (1) da na (2) "ci" aikatau so-karɓau ne, kuma karɓan nan ba ado ba ne. Abin da aka ci ya ragu, ko ya ƙare, ko ya koma hannun wani. Gaskiya ne akan ce kasuwa ta ci, ko fitila tana ci, ba tare da karɓau ba, amma wannan wata ma'ana ce dabam, ta gudana da aiki. In dai karawa ake nufi, ko da an yi shiru ba a ambaci karɓau ba, mai sauraro yana jin inuwarsa. Aka ce Audu ya ci, sai a tambaya wa ya ci. Haka kuma kalmomin da aka aro daga Larabci suke: ana yin galaba a kan wani, ana samun nasara a kan wani. Ko wasannin gargajiya sun tabbatar da wannan, domin a kokawa sai an yi kaye, a dambe sai an yi kisa, a dara sai an cinye 'ya'yan abokin wasa.

Akwai kuma wani reshe na "sha" da zai yi amfani nan gaba. Akan ce mutum ya sha, ko ya sha da ƙyar, watau ya kuɓuta. Wanda ya sha da ƙyar bai ci kowa ba, ransa kawai ya fitar. Hausa ke nan ta raba abu uku da Ingilishi yake iya haɗawa a cikin kalma ɗaya: cin abokin gaba, da cin riba, da tsira.

4. Fassarori huɗu da aibin kowace

A ɗauka an ba ɗalibi jimla ta Ingilishi da take cewa sulhun Birnin Gwari "win-win" ne, aka ce ya juya ta. Hanya huɗu aka fi bi.

Ta farko ita ce a bi ƙirar kalmar a ce "nasara-nasara". Wannan kuskure ne na nahawu. Ninki a Hausa ba ya nuna ɓangare biyu. Ko dai ya rage ƙarfin kalma, kamar fari-fari da ja-ja, ko ya rarraba, kamar gida-gida da biyu-biyu, ko ya nuna yawan aiki iri-iri, kamar ciye-ciye. Wanda ya ji "nasara-nasara" zai ɗauka wata 'yar nasara ce da ba ta cika ba.

Ta biyu ita ce "kowa ya yi nasara" ko "samun nasara tare". Nahawunta daidai ne, kuma tana da wurin da ta dace. Manoman da suka yi gayya suka gama noma kafin ruwa ya tsananta sun yi nasara tare, domin abin da suka rinjaya yana waje da su. Amma in ɓangarorin biyu da juna suka yi faɗa, jimlar takan bar rami. Mai sauraro zai jira a ce a kan wa, in ba a faɗa ba sai ya cike gurbin da kansa, kuma wanda aka kashe wa ɗan'uwa ba wuya ya cike shi da sunan kansa.

Ta uku ita ce "cin moriyar juna", wadda ta yawaita a labaran hulɗar ƙasashe, musamman a sashen Hausa na gidan rediyon ƙasar Sin. Ta fi na baya kusa da ma'ana, amma tana ɗauke da wani nauyi da mai fassara bai nufa ba. Duk Bahaushe ya san cin moriyar ganga, a ya da kwaurenta. Cin moriyar mutum a bakin jama'a ya fi kusa da a yi amfani da shi a watsar. Da an ce "amfanar juna" da an kauce wa wannan, domin aikatau "amfana" ba shi da haƙora.

Ta huɗu ita ce "kowa ya ci riba", kuma ita ta fi daɗin ji, ita ce kuma ta fi bukatar a yi hattara da ita. Ta ɗauke zancen daga fagen yaƙi ta kai shi kasuwa, kuma a kasuwa riba tana da ƙa'ida. Ba a kiran abu riba sai uwar kuɗi ta dawo. Falken da aka tare a hanya aka ƙwace masa kaya, daga baya aka mayar masa da jakinsa, ba ya cewa ya ci riba. Cewa yake an rage asara. To, uwar kuɗin mutanen Birnin Gwari ita ce rayuka da shanu da gonaki da shekarun karatun yara. A harin da aka kai ƙauyen Gwaska kaɗai a watan Mayu na 2018 an kashe mutum fiye da 40. Buɗe kara da buɗe hanya alheri ne babba, ba mai musu, amma sunansa a Hausa sauƙi, ko tsira, ko samun sa'ida. Mai fassaran da ya kira shi riba ya yi wa masu asara lissafin da ba su yi ba.

5. Gwajin kasuwa

Kada a ɗauka Hausa ba ta san mu'amalar da kowa yake amfana da ita ba. Ta san ta sarai, har ta yi mata karin magana, cewa zaman duniya cuɗe ni in cuɗe ka ne. Misalinta mafi kyau yana nan a ƙasar Birnin Gwari kanta, a tsohuwar hulɗar manomi da makiyayi. Bayan kaka makiyayi yakan sauka a gona, shanu su ci kara da harawa, su bar taki. Abin da ɗaya yake bukata shi ne abin da ɗayan ya gama da shi. Haka nan musayar hatsi da nono. Babu wanda ya ragu, kuma gonar da garken duka sun ƙaru. Wannan ita ce ainihin ma'anar "win-win" a wurin waɗanda suka ƙirƙiro ta, kuma malamin da ya fara da wannan misali ya huta da dogon bayani.

Ciniki ma haka yake, kuma kasuwa ta ba da ma'auni mai sauƙi. A kara mai saye yakan taya, mai saniya in bai gamsu ba ya ce albarka, in ya gamsu ya ce ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Kalmar "albarka" ita ce shaidar cewa ciniki ne na gaskiya, domin tana nufin mutum yana da ikon ya ƙi, ya koma gida da dabbarsa. Masanan Amurka da aka ambata sun kafa wannan sharaɗi su ma: yarjejeniya ba ta zama mai amfanar kowa sai in kowane ɓangare yana da wata mafita in ya tashi daga teburin.

A gwada wannan ma'auni a kan abin da jaridu suka ruwaito a 2022 daga bakin shugabannin al'ummar masarautar, cewa manoma a wasu ƙauyuka suna biyan 'yan bindiga kuɗi kafin a bar su su yi shuka ko girbi. Mai lissafi zai iya cewa kowa ya samu, manomi ya sami hatsi, ɗan bindiga ya sami kuɗi. Amma manomin ba shi da ikon cewa albarka. Shi ya sa mutanen da kansu suke kiran abin haraji, ba su kira shi ciniki ba. Hausa tana da matakai a nan da ya kamata mai fassara ya riƙe: ciniki, inda kowa yake da zaɓi, sulhu, inda kowa ya sassauta, amana, wadda a ƙarni na 19 ake ƙullawa tsakanin masarauta da wasu al'ummu a kan su biya wani abu a bar kai musu hari, sai miƙa wuya, inda ɗaya ya ci. Kalmar Ingilishi ɗaya ba ta isa ta rufe waɗannan huɗu ba.

6. Kalmomin asara

A ɓangaren asara kurakuran sun fi yawa, domin karin magana suna da yawa, kuma ɗalibi yakan ɗauki wadda ta fara zuwa masa.

"Lose-lose" akan juya ta da "biyu babu" ko "ba tsuntsu ba tarko". Biyun nan ba su dace ba. Biyu babu mutum ɗaya ne ya rasa abu biyu, alhali kalmar Ingilishin mutum biyu ne kowa ya rasa. In faɗa ake nufi, "kare jini biri jini" ta fi kusa, ko da yake ta fi nuna zafin karawa da sakamakonta. In ba faɗa ba ne, gara a faɗa a fili cewa kowa ya yi asara. Rufewar karar Birnin Gwari misali ne mai kyau: makiyayi ya rasa inda zai sai da saniyarsa, mahauci ya rasa inda zai saya, dillali da ɗan kamasho da mai abinci suka rasa sana'a, ƙaramar hukuma ta rasa kuɗin shiga. A nan ma ƙirar gurbi biyu ta gaza, domin masu asarar sun fi biyu nesa.

"Zero-sum" tana da takwara a Hausa da ba ta bukatar gyara, watau faɗuwar wani tashin wani. Sai dai a lura da inda ake sa ta. Satar shanu da kuɗin fansa a ido sun yi kama da ita, tun da abin da aka karɓa daga wannan yana hannun wancan. Amma iyalin da suka sai da gona da shanun noma a wulaƙance domin su fanshi ɗansu sun rasa fiye da abin da ɓarawon ya karɓa, kuma gonar da ba a noma ba ba ta shiga rumbun kowa ba. Jimlar ba ta koma sifiri ba, ta gangara ƙasa da shi. Mai fassaran da ya ce faɗuwar wani tashin wani a nan ya rage girman ɓarnar.

"Pyrrhic victory" ta samo suna daga Firus, sarkin Efirus a ƙasar Girka, wanda ya ci Rumawa a yaƙi a shekara ta 280 da ta 279 kafin haihuwar Annabi Isa, amma ya rasa mayaƙan da ba shi da hanyar mayar da su. Akan jawo mata "garin neman ƙiba an samo rama" ko "garin gyaran gira an rasa ido". Waɗannan suna nuna wanda ya nema bai samu ba. Firus kuwa ya samu, ya ci yaƙin, tsadar ce ta fi ƙarfinsa. Fassarar da ta fi aminci ita ce a ce nasarar da asararta ta fi ta, a kuma ba da labarin sarkin a taƙaice, domin sunansa ba ya tuna wa mai karatun Hausa kome.

Akwai kuma wata magana da 'yan Nijeriya suka sani, wadda Janar Yakubu Gowon ya yi shela da ita a ƙarshen yaƙin basasa a watan Janairu na 1970, watau "no victor, no vanquished". Ɗalibai sukan gwama ta da "win-win", alhali sun saɓa. Ɗaya tana cewa kowa ya ci, ɗayar tana cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Ta biyun tana shiga Hausa ba tare da wahala ba, domin ta ambaci gefen karɓau, ta kore shi a fili. Abin da za a guje wa shi ne a kira ta kunnen doki ko canjaras. Waɗannan na filin ƙwallo ne, inda ake tashi kowa ya koma gida da ransa.

7. Gurbi na uku

An riga an ce ƙirar Ingilishin mutum biyu take ƙidayawa. A sulhu irin na Birnin Gwari masu zama su ne wakilan hukuma da masu bindiga, tare da sarakuna da malamai da dattawan da suka shiga tsakani. Waɗanda ba a ji muryarsu a cikin kalmar su ne gwauruwar da aka kashe wa miji, da makiyayin da aka kore wa garke tun farkon fitinar, da ƙauyen da ya watse. Hausa tana da karin magana da take da gurbin da Ingilishin ya rasa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba a kawo ta nan domin a ce haka sulhun yake ba. An kawo ta ne domin a nuna cewa kunnen Bahaushe ya saba neman wanda ya sha a bayan wanda ya ci, kuma fassarar da ta yi shiru a kan wannan tana jawo zargi ko da babu dalilinsa.

Wani abin dubawa kuma shi ne kalmar "tubabbu", wadda ta zama ruwan dare a labaran wannan sulhu. Tuba tana da mai laifi, tana da wanda aka yi wa laifi. Sulhu kuwa yana da ɓangare biyu da kowa ya sauko daga inda ya tsaya. In labari ɗaya ya ce tubabbu a sakin layi na farko, ya ce kowa ya yi nasara a na biyu, ya faɗi abu biyu da ba sa zama a tabarma ɗaya, domin ba a cewa mai tuba ya ci. Haka kuma afuwa da yafiya ba ɗaya ba ne. Hukuma tana iya yin afuwa, watau ta janye hukunci. Yafiya kuwa ta mai haƙƙi ce, ba a yi masa ita a bayan idonsa. Gwamnatin Jihar Kaduna ta faɗa cewa ba ta biya 'yan bindigar kuɗi ba, kuma wannan magana tana da muhimmanci ga mai fassara, domin in haka ne, kalmomin kasuwa irin su riba da ciniki ba su ma da wurin shiga.

Lokaci ma yana cikin lissafin. "Win-win" tana yanke hukunci tun ranar da aka sa hannu, amma Hausa ta fi jinkiri. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga a Katsina a 2019, a 2020 ya bayyana cewa sun saɓa alkawari. Gwamna Bello Matawalle ya bi wannan hanya a Zamfara a 2019, a 2021 ya ce ya daina. Masu sauraron Birnin Gwari sun san waɗannan labarai, tun da maƙwabtansu ne. Kalmar "sulhu" ba ta yi musu alkawarin kome ba sai cewa an zauna an daidaita. "An ci nasara" kuwa ta rufe littafin tun ba a gama rubutu ba.

8. Shawara ga malamai

Malamin da yake koyar da fassara a kwalejin horon malamai zai taimaki ɗalibansa in ya hana su neman kalma ɗaya da za ta tsaya a madadin kowace daga cikin waɗannan. Kafin su ɗora alƙalami, su amsa tambaya uku. Ɓangarori nawa abin ya shafa, har da waɗanda jimlar ba ta ambata ba? Kowanensu yana da ikon cewa albarka? Abin da aka samu ƙari ne a kan uwa, ko kuwa ragin asara ne?

In ɓangarorin suna da zaɓi kuma kowa ya ƙaru, a ce amfanar juna, ko a jawo cuɗe ni in cuɗe ka. In kowa ya bar wani abu domin a zauna lafiya, a ce sulhu ko sasantawa. Ana iya sa "ba ni gishiri in ba ka manda" ga musaya, amma da lura, domin a bakin wasu ana faɗinta ga musayar duka da baƙar magana. In an daina faɗa ne kawai ba a warware kome ba, a ce an tsagaita. In mai magana da Ingilishi ne ya ce "win-win" kuma aikin mai fassara ya kawo maganarsa, to, ya kawo ta da sunan mai ita, ya ce a ganin wane kowane ɓangare ya amfana, kada ya mai da ra'ayi labari.

Darasin zai fi kama jiki in an ba ɗalibai labarin jarida ɗaya a kan buɗe karar Birnin Gwari, aka ce su juya shi sau biyu, sau ɗaya domin a karanta wa 'yan kasuwar shanu, sau ɗaya domin a karanta wa mutanen ƙauyen da aka tasa, sa'an nan su nemi fassara ta uku da za a iya karanta wa duka biyun a zaure ɗaya ba tare da wani ya ji an yi masa ƙarya ba. Wannan ta ukun ita ake nema, kuma ɗalibi zai tarar mafi yawan lokaci ta fi ta Ingilishin tsawo, domin sai ta faɗi wanda ya samu, da abin da ya samu, da wanda har yanzu yake bin bashi.